Kati Uku, Labari Ɗaya

Leeds, 9 ga Maris, 1975

Zuwa ga Yaya Salamatu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da ciwon ƙafarta? Ki gaishe mini da mutanen Gyadi-Gyadi, har Goggo Ladi ta Tarauni. Ni lafiya lau, sai dai nakan wuni ban buɗe baki ba sai maigidan ya dawo daga karatu.

Tun Talatar da na bi shi laburaren makarantarsu nake ɗokin rubuto miki. Wata Baturiya ma'aikaciya ta ji ni Bahaushiya ce, sai ta ɗauko littattafai uku, kowanne da katin bayaninsa na laburare: na ajami, na boko, da shafukan jarida da aka ɗinke. Yaya, ashe duk labarin 'yar mai rinin nan ne da Baba yake karanta mana a soro!

Na ce mata, "Ai abu ɗaya ne, riga kawai ya sauya."

Ta ce, "To me ya sa na jaridar ya fi kauri?"

Da na duba, a cikinsa uwar yarinyar ba ta mutu ba, alhali a sauran biyun ta mutu. Shin in an sauya ƙarshe, labarin yana nan ɗaya? Don Allah ki ɗauko na Baba a adaka, ki rubuto mini yadda ya ƙare.

Akwati shida na littattafan Hausa gare su a laburaren, babu mai iya karantawa. Baturiyar ta ce in zo in haɗa musu katunan, aikin wata takwas. Ga shi kuwa maigidan ya samo mini kujerar jirgi don in yi sallah da ku.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Ki lallaɓa ta kafin ki faɗa mata. Na karɓi aikin, ba zan zo bana ba.

Ƙanwarki,
Asma'u