Ɗorawar Andrawus

Birnin Gwari, 3 ga Fabrairu

Zuwa ga Mairama,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da Bushira da jaririyarta. Ki gaya mata kaka na nan tafe da zarar na sauke wannan nauyi.

Kin san maƙwabcinmu marigayi Andrawus ni ya naɗa wasiyyinsa, duk da coci cike take da 'yan'uwansa. Wasiyyar a fili take: gonar Kakangi ta ƙanensa David ce, ɗorawar da ke cikinta kuwa ta matarsa Gloria. Kowa a nan ya san gona daban, itace daban, amma ban da mutanen ofishin gado na Kaduna.

Na je can Litinin. Akawun ya ce tsari ya canza, maganar baki ba ta wadatarwa yanzu. Sai wasiyyi ya rubuta kowane abu ɗaya bayan ɗaya, shaidu biyu su gani da ido, matar mamaci ta sa hannu. Abin da bai shiga takarda ba, ya bi gona. David ya riga ni jin wannan, har ya yi magana da masu gawayi. Ya san shekara uku ba wanda ya taka gonar nan saboda mutanen daji, yana ganin tsoho kamata ba zai je ba. Ai bai san mijinki ba.

Da daddawar ɗorawar nan Gloria ke ci da kanta. Ranar Alhamis zan tafi gonar. Kar ki fara kuka a gidan surukai, na san halinki.

Naki,
Abarshi

Birnin Gwari, 20 ga Fabrairu

Zuwa ga Mairama,

Ina gaishe ki da kyau, ya ƙafar taki? Saƙonki ya iso, faɗan ma ya iso.

Mun je mun dawo lafiya, ni da shaiduna, Liman Isah da Fasto Benjamin, 'yan sa-kai suka raka mu. Ba zan ɓoye miki ba, da muka wuce rafi tsoro ya kama ni, amma ban bari kowa ya gani ba. Ciyawa ta kai ƙirji. Mun tarar da ɗorawa goma sha bakwai a tsaye, biyu an riga an sare. Da na ga kututturan nan raina ya ɓaci ƙwarai, don a ƙarƙashin ɗaya muke hutawa da Andrawus lokacin girbi.

Akawu ya ba ni layi ɗaya tak a takarda, wai in rubuta "itatuwa". Na ƙi. Na sa ya ƙaro takarda, na rubuta kowace da wurin da take: ta bakin suri, ta kan iyaka da gonar Nababa, har ƙarshe. Ya yi ta tsaki, amma ya buga hatimi. Tsarinsu ne, ni dai bi na yi.

David ya daina gaishe ni. Zai huce, in ma bai huce ba gonarsa na nan, ban taɓa masa ko kunya ɗaya ba.

Na kai wa Gloria takardar, ta sa hannu. Jiya kuwa da na wuce ƙofar gidanta, na ga ta fito da babbar tukunyar kalwa da ta kife tun ranar jana'iza, tana wankewa.

Ki gaida kowa. Ki saurare ni ranar Juma'a.

Mijinki,
Abarshi