Inna, Sunana Ya Fito

Assalamu alaikum Inna. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Rabi, daga Akokan, a gidan da kika bar mu.

Ki yi haƙuri, labarin da na kawo miki ba mai daɗi ba ne. Na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

Kin tuna lokacin da masu furoje, 'yan ƙungiyoyin agajin nan, suka fara shigowa unguwarmu da farar mota, suna rubuta sunayen mabuƙata? Da kika ji suna tafe, kika share tsakar gida, kika aro sabuwar tabarma, kika ɗaura zanen Sallah. Suka tambaye ki batun abinci, kika ce, "Alhamdulillahi, muna cikin rufin asiri." Ran nan ko tukunya ba mu ɗora ba. Suka sha shayinki suka yi gaba, sunanmu bai fito ba. Na yi ta mita, kika ce ke ba za ki tsaya gaban baƙo ki ce kina jin yunwa ba.

Bayan rasuwarki aka rufe ramin haƙar ma'adinin nan, maigidana Baban Hadiza ya dawo gida da hular aiki da tari. Furoje kuwa sai ƙaruwa. Sau biyu aka koya mini haɗa sabulu, a unguwar da kowace mace ta iya haɗa sabulu. Wa zai saya? Waɗanda abin ya karɓa su ne masu jin Faransanci da masu ba su hayar gida. Mutumin da ke musu tafinta har bene ya ɗora. Mu kuma muka zama gwanayen jiran layi.

Watan jiya suka dawo. Mun riga mun haddace tambayoyin. Firigon sanyaya abinci da Baban Hadiza ya saya lokacin yana aiki, wanda ba komai cikinsa sai ruwa, muka ja shi ɗakin baya muka lulluɓe. Ban yi shara ba. Na ɗaura zanen wanki. Suka ce sau nawa muke ci a rana, na ce sau ɗaya, wani lokaci ma babu. Ba duka ne ƙarya ba. Amma yadda na karya murya, Inna, shi ke cin raina. Na iya sosai.

Sunana ya fito. Kati, buhun shinkafa, bidon mai, jarka guda.

Takna fa, 'yar Abzin ɗin nan maƙwabciyarki da kuke tsinkar zogale tare? Awakinta sun ƙare, jikoki huɗu ne a hannunta. Ta dafa musu shayi da sauran sukarinta, ta ce lafiya lau. Ba ta samu ba.

Shekaranjiya ta shigo da kwano a ƙarƙashin mayafi. Ta ce ta ji sunana ya fito, ashe haka muke ciki ban taɓa faɗa mata ba, ita da take kamar uwata. Ta ajiye mini gero, wanda na san shi ke nan gare ta. Na ɗebo mata shinkafa, ta rantse ba za ta ci rabon wanda ya fi ta buƙata ba.

Na karɓi geron, Inna. Yana nan bisa firigon, na kasa surfa shi.

Allah ya haskaka makwancinki, ya yafe miki, ya yafe mini. Allah ya ba ni ƙarfin shiga gidan Takna in faɗa mata gaskiya.

Taki,
Rabi