Mai Saƙa ta Gado na Shida

Zuwa ga Ummata,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina lafiya, ke da Baba da ƙannena. Ya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Na san ranki bai so ba da aka yi rabon kyautar hutun bana babu ni. Tun ina ƙarama ban taɓa rasa wannan zama na falon Baba ba, kowa ya miƙa wa wanda ƙuri'a ta ba shi. Ki ce wa Kawu, tunda shi ƙuri'a ta ba ni, agogon da na saya masa na nan a durowata, ya daina ƙorafi. Sai da na yi ƙwalla da na ga sunana cikin nas-nas masu aikin safe a asibiti ranar, amma bari ki ji abin da na gani.

Akwai wata tsohuwa a gado na shida, muna kiranta Mai Saƙa. Shekara tara ba ta gani, amma duk ƙarshen shekara sai ta saƙa wa kowane jika hula, da lalube take auna kawunansu. An yi mata aikin ido, likita ya gaya wa 'yarta kada su sa rai sosai, don yanar ta daɗe. Ni aka sa in cire bandejin.

Jikoki bakwai suka jeru a bakin gado sanye da hulunan bana, biyar daga cikinsu bayan makantarta aka haife su. A hankali na ɓare filastar. Ta daɗe tana ƙifta ido. 'Yarta ta juya ta fuskanci bango. Can sai tsohuwa ta ɗaga yatsa ta nuna wata hula, ta tambayi wane mugun ne ya sayo mata zare kore shar haka. Dariya da kuka suka haɗu mana.

Amma Umma, fuskokin ba ta san su ba. Sai ta riƙa jawo su ɗaya-ɗaya, ta rufe ido, ta shafa kan yaro, ta faɗi sunansa, sannan ta buɗe ta dube shi. Ko ɗaya ba ta kuskure ba. Da ta zo kan 'yar autar, ta jima tana kallonta, sannan ta ce a hankali, "Ashe ke da idon marigayi mijina kika zo, babu wanda ya gaya mini."

Likitan nan da ba ya ko murmushi, sai ga shi ya cire tabarau yana ta gogewa. Ni kuwa na tsaya riƙe da auduga, bakina ba abin da yake iya faɗa sai tasbihi. Shekarata shida a wannan aiki, ban taɓa ganin ikon Allah kusa da ni haka ba.

Ina tafe ranar Asabar. Don Allah kada ki shiga kicin saboda ni. Ki zauna a bakin taga inda haske yake, ina so in kalle ki sosai.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
'Yar farinki.