Ƙasar da Rana Ba Ta Fitowa

Daren Laraba, cikin Sha'aban

Yau ma ban buɗe shago ba. Sojojin bore sun wuni suna harbi, Titin Koudoukou ko kare babu.

Da la'asar autana Habu ya durƙusa gabana. Wai Baturen Suwidin da yake tuƙa wa mota zai gudu gida, zai nema masa hanya ya bi shi. Na ce wace irin ƙasa ce? Ya ce a arewacinta rana takan yi makonni ba ta fito ba, wani lokacin kuma ta ƙi faɗuwa. Har da murmushinsa, don ya ga ban yi lakwal ba, wato boko.

Na ce, "To da me za ka gane azahar? Ga azumi tafe, yaushe za ka sha ruwa? Ban yarda ba. Haka wanka ya tafi Duwala, ko gaisuwa."

Ya ce, "Baba, nan rana tana fitowa, amma wa ya isa ya leƙa ya gan ta?"

Na kore shi, ya fita. Ga shi an yi isha'i, ana harbi wajen unguwar Kokoro, tabarmarsa a naɗe. Ban sauya magana ba. Ƙofa dai ban sa mata sakata ba.