Ranar da Inna ta faɗi sunanka

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaishe ka da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman bariki? Ya Anti Hauwa da yara? Mu nan Roni lafiya lau, sai kewarka.

Ranar kasuwa tsohon sojan nan da ke takara da sanatanmu ya zo gari. Kawu Idi ya ce soja bai iya lallashi ba sai umarni, shi yana nan tare da sanata. 'Yan acaɓa kuwa sun ce sun gaji da mutumin da ba a ganinsa sai zaɓe ya matso.

Inna ba wannan ne ya dame ta ba. Tana jin an ce soja, ta yafa mayafi ta ce in raka ta, don a tunaninta duk sojoji sun san juna. Da muka isa wurin tsohon sojan, ya durƙusa ya gaishe ta, ta ce, "Ina da yaro a wajenku, ya daɗe bai zo gida ba."

Ya ce, "Mama, ya sunansa?"

Ka san Inna da kunyar ɗan fari. Na buɗe baki zan amsa, sai ta riƙe hannuna. Yaya, da bakinta ta ce "Habibu", har sau biyu, don kada ya manta.

Bai san ka ba, ya dai yi maka addu'a. Duk da haka ta ce ƙuri'arta tasa ce.

Ka gaida mutanen gidan, a riƙa sa mu a addu'a. Don Allah ka nemi hutu ka zo, kada Inna ta sake tambayar baƙo labarinka.

Ƙanwarka,
Rabi