Ba Kai Ka Cinye Katin Ba, Baba

Assalamu alaikum, Baba.

Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarsa. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma sai dai a karanta maka, kana saurare kana ɗinkin komarka ta kamun kifi. Amma yau na dawo daga ofishin masu layin waya karo na huɗu, raina a ɓace, kuma duk wanda na fara ba labarin sai ya ce in bar wa Allah. Na bar wa Allah. Kai dai sai na faɗa maka.

Gida lafiya. Inna na nan, sai gwiwar nan tata. Bana ma ciyawar kacala ta toshe kogi, ruwa ya juyo ya kwanta a gonar shinkafarka ta gabas, abin da ya tsira kuma tsuntsayen jan-baki suka yi rabo da mu. Buhu tara Yaya Habu ya ɗauka. Matarsa ta haihu, namiji, an mayar da sunanka. Inna ba ta iya faɗin sunan, Mai Gida take ce masa. Ni ina nan Hadejia ina koyarwa.

Maganar wayarka ce ta sa ni rubutu.

Ka tuna duk Juma'a nakan tura maka katin ɗari biyar? Kafin Litinin sai in ga filashin ɗinka. In kira ka in ce Baba, wa kake kira haka? Ka ce ba ka kiran kowa, kuɗin ne ke tafiya da kansu. Shekara uku kana faɗa mini haka, shekara uku ban yarda ba. Na ce kana ba mutanen teburin Malam Isa mai shayi aron waya suna kiran duniya da gumina. A kiran ƙarshe da muka yi kafin ka kwanta ciwo na ce maka albashina ba ruwan kogi ba ne, ba zan ƙara turowa ba sai ƙarshen wata. Sai kawai ka sa mini albarka. Kwana goma sha biyu bayan nan aka aiko in zo. Na same ka ba ka gane mutane.

Bayan sadakar arba'in Inna ta ciro wayar daga cikin kwallarta ta ba ni. Ta ce kar a bar layin ya mutu, da shi aka yi rajistar gonar, ta nan saƙon taki ke zuwa. Na yi caji, na sa mata naira dubu, na ajiye a kan tebur. Ban kira kowa ba, Baba. Ko taɓa ta ban yi ba. Bayan kwana huɗu na duba, saura naira sittin.

Sai na tuna maganarka, kuɗin ne ke tafiya da kansu.

Na fara da kiran lambar koke. Danna ɗaya, danna uku, danna tara, sai kiɗa. Na dafa shinkafa na sauke ana yi mini kiɗa. Da mutum ya ɗauka, ya ce in yi haƙuri, za a gyara cikin kwana ɗaya. Washegari suka cire sittin ɗin ma.

Sai na tafi ofishinsu. Akwai wata ma'aikaciya a wurin, Rahila, 'yar Jos ce, ita kaɗai ta dube ni kamar mutum. Ta juyo mini da kwamfuta ta nuna mini abubuwan da aka ce kai ka nema, ana cire kuɗinsu kullum. Ka san mene ne? Sakamakon ƙwallon Turai. Waƙar Turanci da mai kiranka zai riƙa ji. Shawarwarin soyayya. Da shawarar rage ƙiba. Kai, Baba! Kai da Inna ke rage wa wando tsawon mazagi don kar ya zame? Wace ƙiba? Wace ƙwallo, kai da ko sunan ƙungiya ɗaya ba ka sani ba? Kuma duk saƙonnin da Turanci suke zuwa. Ta yaya mutumin da bai yi boko ba zai san ana yankar masa aljihu?

Na ce a kira mini babbansu. Ya fito da makullin mota a hannu, ya ce kwamfuta ba ta ƙarya, mai layin ne ya danna ya amince. Na ce to a duba mini ranar da aka nemi na ƙarshen cikinsu. Rahila ta duba. Sati uku bayan mun binne ka ne. A lokacin wayar tana kashe, cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwan Inna. Na tambaye shi wa ya danna. Sai ya ce a ƙa'idarsu mai layi ne kaɗai ke iya shigar da koke, sai ya zo da kansa da katin ɗan ƙasa a ɗauki hoton yatsansa.

Allah Ya yafe mini, na ɗaga murya. Na ce masa mai layin yana maƙabartar bayan gari, in yana da mai a motarsa mu je in nuna masa. Mutanen da ke jira a layi suka yi ta ba ni haƙuri, wani dattijo kuma ya ce shi ma abin da ya kawo shi ke nan.

Daga nan aka fara aike na. A kawo takardar shaidar mutuwa daga asibiti. Na ce a gida ka rasu. To a kawo ta mai unguwa. Na kawo, aka ce sai da takardar rantsuwa daga kotu. Na bar ɗalibaina da wata malama har sau uku, shugabar makaranta ta fara yi mini kallon banza. Don su cire kuɗinka ba su nemi takarda ko ɗaya ba. Me ya sa mayarwa ce ke buƙatar kotu?

Yau suka yanke hukunci. Na kwana talatin kawai za su iya mayarwa, naira ɗari takwas da hamsin a lissafinsu, shi ma kati ne ba kuɗi a hannu ba. Na shekara uku wai ya wuce. Yaya Habu ya ce kuɗin acaɓa da na kashe ya ninka haka, in haƙura. Bai gane ba. Ni so nake su rubuta a takarda cewa su ne suka cira. Babban nasu ya ƙi. Ina fita Rahila ta biyo ni bakin ƙofa ta miƙo mini jerin kuɗin da aka cira wanda ta buga, shafi shida, ta ce kar in ce ita ta ba ni.

Da katin da suka mayar na kira Malam Isa, don shi ma na ɗauki alhakinsa. Na ba shi haƙuri. Ya ce shi bai taɓa aron wayarka ba. Sannan ya faɗa mini abin da na so a ce ban ji ba. Ya ce bayan na yi maka faɗan nan, sau biyu kana sayen katin ɗari biyu a wurinsa da kuɗin kifinka. Ka ce wannan karon kai za ka kira Binta da kanka, ba filashin ba. Yakan sa maka ranar kasuwa, kai kuma ka jira Asabar don kar ka same ni a aji. Asabar ta zo, babu ko sisi. Ya ce ya ba ka shawara ka faɗa mini, ka ce a'a, a bar ta, za ta ce ƙarya kake yi.

Me kake so ka faɗa mini, Baba? Na tambayi Malam Isa, bai sani ba. Na tambayi Inna, ita ma ba ta sani ba.

Ranar Litinin zan hau mota zuwa Dutse da shafi shidan nan, an ce akwai inda ake kai ƙarar irin waɗannan kamfanoni. Dattijon nan na ofis ya ce zai bi ni. Ko sun mayar ko ba su mayar ba, sai wani ya zauna ya karanta.

Gaskiya ka faɗa mini tun farko, ni ce ban saurara ba. Ka yafe mini.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu da alheri.

'Yarka mai taurin kai,
Binta