Inda Mama Ke Jan Numfashi

Yaya Midhat,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Baba, yaya mutanen Iskandariya? Ni ƙalau nake a Beirut. Yatsun hannuna na hagu ne ke ɗan sanƙarewa, amma kada ka gaya wa kowa.

Ranar Alhamis za a sa kiɗanmu a rediyo, kuma ka san Baba ba ya rabuwa da rediyonsa. Har yanzu yana zaton a gidan opera nake aiki. Gaskiyar ita ce mu uku ne: ni a fiyano, Garabet a ganguna, Fu'ad da ƙaton gogensa. Waƙoƙin opera muke mayarwa kiɗan jaz, mu ja nan, mu karya can.

Littafin waƙoƙin Mama, Allah ya jiƙanta, wanda Baba ya birkice gida yana nema, ni na ɗauke. Duk inda take jan numfashi a dandali, Baba ya sa alama da fensir. A wuraren nan nake sa mu yi tsit. Jiya Garabet ya cike ɗaya da ganga, ya ce, "Haba Sawsan, shiru mutane suka zo ji?" Na ce, "Numfashin uwata ne, ɗauke hannunka!"

Don Allah ka zauna kusa da Baba, da maganin hawan jininsa a aljihunka. In ya tashi zai kashe rediyon, ƙyale shi. In kuwa muka yi tsit ka ji ya ja numfashi, rubuto mini a ranar.

Allah ya ƙara masa lafiya.

Ƙanwarka,
Sawsan